Talatin da Tara

Ƙarfe huɗu da rabi duhu ya rufe Brno.
Na kunna fitila, na buɗe rajistar lambobi,
dogon jeri kamar sunayen masu filaye:
wannan harafi na su wane ne, daga nan zuwa can,
wancan an bayar da shi tun ban iya ɗaura takalmi ba.
Masu shi sun watse, lambobinsu na nan daram.

Wata bakwai ina gina umarni ɗaya tak,
don manhaja ta ƙwanƙwasa ƙofar zuciyar inji
ta ce, "Ƙirga mini inda babu kowa a faifai."
Saura suna.
Mu kuwa ba da kalma muke raɗa suna ba:
harafi ne, da lamba, da girman kayan da za a miƙa,
da ko shiga za su yi ko fita.

Talatin da takwas da mai ita.
Talatin da tara fayau, kamar kujera a taragon asuba.
Na zauna abina.

Květoslav ne ya tsaya a bayana da kofinsa,
tsohon da ke karanta aikin mutane da yatsa a kan gilashi.
"Radmila, kin duba abin da ke kan hanya?"
Na ce ai rajista na duba.
Ya ce, "Rajista waɗanda suka iso kawai ta sani."

Muka shiga tono, reshe bayan reshe.
Can a Hsinchu wani Kuo Wen-liang,
wanda ko fuskarsa ban sani ba,
ya ɗora hannu a kan lambar kwana goma sha ɗaya da suka wuce,
aikinsa na bin layi a hannun wani mai dubawa.
Harafinmu ɗaya. Girman kayanmu ɗaya.
Nasa umarnin cewa yake:
"Goge daga nan zuwa nan, a mayar wa faifai."

Tafin hannuna ya yi sanyi.
Na hango wata mata, shekara shida nan gaba,
a ɗakin ajiyar hotunan wani asibiti,
ta tambayi injinta saura wuri nawa,
inji ya saurare ta da kunnen Kuo.
Ba ƙara, ba hayaƙi.
Inji ba ya cewa "me kike nufi?"
Lamba ya ji, lamba ya yi wa biyayya.

Magana zarar bunu ce, lamba kuwa ta fi ta:
ranar da ta fita, manhajoji dubu sun haddace ta,
ba mai bin su gida-gida ya ce a manta.

Zuciyata ta so gardama.
Wata bakwai fa! Nawa ya girmi nasa!
Amma wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi,
shi kuwa rana ma awa bakwai take riga ni gaishe shi.

Na ɗauke ƙafata.
Arba'in na tsallake, ko yana da ƙanen umarni a tafe.
Arba'in da ɗaya na bi ta ko'ina da fitila
kafin na rubuta layi guda a rajista, da sunan aikina a gefe.
Na aika masa kalmomi kaɗan.

Da safe amsa na jira:
"Na gode. Arba'in ba ni da abin sa mata,
amma bar ta haka."
Har yau tana nan, giɓi tsakanina da shi,
ba mai zama, ba mai faɗa.

Daren nan a tasha, ƙanƙara na sauka a kafaɗata,
tarago mai lamba takwas ya tsaya, na shiga.
Sai da muka haye Svratka na lura
ban ko karanta inda za shi ba.